Neman shawara: ina so in kai Hajiyata Iskandariyya, kwana biyu kawai muke da shi

Ɗan Hajiya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen ɗalibanmu da suka daɗe a Masar. Yau sati huɗu kenan muna Alƙahira, na kawo mahaifiyata aikin gwiwa, Alhamdulillah anyi lafiya har ta fara takawa da sanda, likita yace mu dawo nan da kwana shida ya ƙara dubata kafin ya sallame mu mu koma gida. Toh zaman ɗaki ya isheta gaskiya. Tun muna yara Hajiya bata fashin karanta Alburda daren Juma'a, shekaranjiya wani ɗalibi da yazo gaisheta ya faɗa mata ai kabarin Imam Busiri, wanda ya tsara Alburdar, yana Iskandariyya, wallahi tun daga lokacin bata da wata magana sai wannan, ko abinci na kawo mata sai tace yaushe zamu. Kuma bata taɓa ganin teku ido da ido ba sai ta tagar jirgi a hanyar Jidda. Na tambayi likita yace ba laifi in dai ba zata hau bene ko tayi doguwar tafiya a ƙasa ba. Abin da nake son sani, jirgin ƙasa yafi ko mota? Zamu iya zuwa mu dawo a rana ɗaya ko sai mun kwana? Sannan wani yace in har naje ban leƙa Alamein da Rashid ba kamar banje bane. Ni da ita ne sai ƙanwata. Allah ya saka da alheri.

Ɗalibin Azhar:
Wa alaikumussalam, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Yallaɓai maganar zuwa da dawowa rana ɗaya cire ta a ranka. Tsakanin Alƙahira da Iskandariyya kusan kilomita 220 ne, jirgin ƙasa mai sauri yana cin awa biyu da rabi zuwa uku, kaga zuwa da dawowa awa shida kenan a zaune ga mai sabon ɗinki, banda cunkoson zuwa tashar Ramsis. Mu samari munayi, mu fita bayan asuba mu dawo sha biyun dare, amma washegari ko darasi bama iya zuwa. Ku kwana ɗaya ko biyu.

Ni jirgin ƙasa zan zaɓa maku saboda zata iya miƙe ƙafa kuma akwai banɗaki, ku yanki daraja ta ɗaya mai AC, Talgo ɗin nan sababbi sunfi tsafta. Ka sani kuɗin baƙo daban yake da na ɗan ƙasa, kaje da fasfo ɗinku ka yanka tun ana gobe. Tasha biyu ce a garin, Sidi Gabir ita ce ta farko, ku kada ku sauka nan, ku bari sai ta ƙarshe wato Mahaɗɗat Misr don tafi kusa da tsohon gari inda masallatan suke. A Ramsis akwai 'yan dako, ka kama ɗaya ya ɗauki kaya kai ka riƙe Hajiya, mutanen wajen basa jira.

Maman Khadija:
Sannu da ƙoƙari ɗan uwa, Allah ya baka masu yi maka. Na kai babata wajen nan shekara biyu da suka wuce don haka bari in faɗa maka yadda yake. Unguwar sunanta Anfushi, akwai wani fili da ake ce wa Midanul Masajid, masallacin Abul Abbas al-Mursi shine babban mai ƙubbobi da zaka hango tun daga bakin teku, na Imam Busiri kuma yana daura da shi, taku kaɗan ne. Busiri almajirin Abul Abbas ne, shi kuma Abul Abbas almajirin Shehu Abul Hasan Shazili, asalinsa mutumin Mursiya ne a Andalus shi yasa ake ce masa al-Mursi. Toh malami da almajiri suna kwance kusa da juna.

Abin da ya sa babata kuka shine baitocin Alburda da aka rubuta a jikin bangon masallacin Busiri, sun zagaye wajen. Idonta baya gani sosai sai ni nake karanto mata farkon baiti ita kuma tana ƙarasawa da ka, har wata tsohuwa Bamisriya da ke zaune gefe ta matso tana binmu, bama jin yaren juna amma muka yi kusan rabin awa tare, da zamu tafi ta rungume ta. Kuma kasan labarin da malamai ke bayarwa cewa shi Imam ɗin yana fama da shanyewar jiki ya tsara ƙasidar, yayi mafarkin Manzon Allah SAW ya lulluɓe shi da mayafinsa ya tashi ya warke. Mai jinya in taje wajen nan abin yana taɓa ta ba kaɗan ba, kada ka hanzarta ta, ka barta ta zauna iya son ranta.

Mata ƙofarsu daban ce, gara da kace ƙanwarka na nan don ita zata shiga da ita. Ku tafi da safe wajen ƙarfe tara ko goma kafin azahar, in Juma'a ce kuwa wajen cika yake maƙil. Ku riƙe 'yan canji saboda mai ajiyar takalmi da masu bara. In zaka iya samo ƙaramar kujerar nan mai naɗewa ka taho da ita, zama a ƙasa ba zai yiwu mata ba yanzu.

Abu Sumayya:
Allah ya bata lafiya. Tunatarwa kawai, in anje ziyara ayi sallama ayi masu addu'a, roƙo kuma Allah kaɗai ake roƙo. Zaka ga wasu suna shafar ƙarfen kabari, ba sai anyi koyi dasu ba.

Maman Khadija:
Haka ne malam, Hajiyar da ta shekara tana karatu ai ta san wannan in sha Allah.

Baban Yasir:
Ni kasuwanci ke kaini garin, nafi sau goma. Maganar Alamein da Rashid wanda ya faɗa maka bai san da mara lafiya kake tafe ba. Alamein tafi kilomita 100 yamma da gari, abin da ke can maƙabartun sojojin yaƙin duniya na biyu ne da aka gwabza a 1942 da gidan tarihin tankoki da bindigogi, me Hajiya zata yi da wannan? Rashid tafi kusa, kamar kilomita 65 ta gabas, nan ne reshe ɗaya na kogin Nilu yake shiga Bahar Rum kuma nan aka tsinci dutsen nan a 1799 wanda da shi aka gano karatun rubutun Fir'aunoni, amma dutsen ma yana Landan, sannan tsofaffin gidajen garin duk matakala ne ƙanana masu tsayi. Ka bar su sai wani zuwan kai kaɗai.

Cikin gari ma akwai inda zan hanaka. Kom Shuƙafa kaburbura ne na zamanin Rumawa a ƙarƙashin ƙasa, matakala ce mai murɗewa kake ta sauka, ni da ƙafata lafiya sai da na huta a hanya. Ganuwar Ƙaitbay kuwa ku je amma kada ta hau sama. Daga masallacin Mursi minti kaɗan ne a mota. Sarki Ƙaitbay ya gina ta wajen 1477 a daidai inda tsohuwar hasumiyar fitilar nan ta jiragen ruwa take kafin girgizar ƙasa ta rushe ta. Ku zauna a waje bakin ruwa, ga ƙananan jiragen masunta masu fenti kala kala, ga masu ƙugiya a kan duwatsu, igiyar ruwa na dukan bango tana fantsamo maku. Wanda bai taɓa ganin teku ba nan ya kamata ya fara gani wallahi.

Abinci kuma kifi, ba'a zuwa Iskandariyya a ci kaza. A Anfushi da Bahari zaka ga an shimfiɗa kifi kan ƙanƙara kai zaka nuna wanda kake so a auna a gasa, a kawo da shinkafar sayadiyya. Amma ka tambayi kuɗin kilo kuma ka tsaya a auna a gabanka, akwai inda na taɓa sakaci na nuna kawai na zauna, da aka kawo takarda sai da na ninka abin da nayi niyya. Hantarsu ma ta shahara, kibda iskandarani, sai dai yaji gareta ka tambayi Hajiya tukun.

Ɗalibin Azhar:
Na manta, ɗakin karatu ku saka shi a lissafi, Maktabatul Iskandariyya, an buɗe shi 2002 yana kan titin bakin teku. Shi yana da lif da hanyar keken marasa lafiya, ba wahala. Bangon waje dutsen Aswan ne an sassaƙa haruffan rubuce rubucen duniya kusan kala 120, ciki kuma zauren karatun hawa hawa yake gangarowa kamar tudu, akwai sashen tsofaffin littattafan hannu da Alƙur'anai wanda nasan zai burge ta. Ka duba lokacin buɗewa kafin ku fita don Juma'a da Asabar ba kamar sauran ranaku bane. Sannan wuraren tarihi da yawa yanzu basa karɓar kuɗi a hannu sai kati, kuma kasan halin katinmu na naira a waje, ka tanadi wanda ka tabbatar yana aiki.

Ummu Aiman:
Ba wanda yayi maganar sanyi! Disamba muke fa. Iskandariyya ba Alƙahira bace, lokacin nan suna da abin da suke kira nawwa, iska mai ƙarfi da ruwan sama kwana biyu uku a jere, teku har kan titi yake watso ruwa. Ka duba hasashen yanayi a waya kafin ka yanki tikiti. Ku ɗauki rigar sanyi mai kauri da safa da bargo ƙarami, AC ɗin jirgin ma kaɗai ya isa ya tayar mata da ciwon ƙafa. Amfanin zuwa yanzu dai ba cunkoso, da rani ne ko wajen tsayawa bazaku samu a bakin ruwa ba kuma masauki yafi sauƙi yanzu.

Masauki ka nema wajen Mahaɗɗat Raml ko Manshiyya mai kallon teku, amma ka tambaya da bakinka ko lif yana aiki, gine ginen wajen tsofaffi ne wani otal ɗin yana hawa na huɗu ko biyar. Tsallaka titin Kurnish, wato babban titin bakin teku, kuma haɗari ne ko ga mai lafiya, motoci basa tsayawa, kace wa direba ya sauke ku ta ɓangaren da zaku zauna. Ku kira Uber ko Careem yafi maku kwanciyar hankali akan tasi mai baƙi da rawaya, su sai anyi ciniki kafin a shiga. In lokaci ya ragu rana ta biyu ku shiga lambun Muntaza can ƙarshen gabas inda fadar sarakunansu na da take, mota zata bi daku bakin teku tun daga farko har ƙarshe ku wuce gadar Stanley, Hajiya tana zaune tana kallo ba tare da ta taka ko ina ba.

Ɗan Hajiya:
Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Na karanta wa Hajiya duka, da nazo wajen tsohuwar nan da Maman Khadija ta faɗa sai da tace in maimaita mata. Mun bar Alamein da Rashid. Na duba yanayi ance Litinin da Talata garau ne, don haka gobe zanje Ramsis in yanki na safiyar Litinin, mu huta ranar mu ga teku da yamma, Talata da safe masallatai sannan ganuwa, Laraba in ƙafa ta yarda ɗakin karatu sai mu juyo. Ta riga ta sa ƙanwata ta ciro mata littafinta na Alburda daga ƙasan akwati. Saura kujerar mai naɗewa, a ina zan samu a nan kusa da Madinatu Nasr?

Ɗalibin Azhar:
Kada ka saya yallaɓai, akwai ɗaya a ɗakinmu a Hayyul Ashir. Ka turo min adireshin masaukinku ta akwatin sirri, bayan isha zan kawo maku in gaida Hajiya.