Kwanan kol, wato aikin dare a asibiti, ga likitoci masu horon ƙwarewa: shi ne karatun ko aikin gayya ne?

Babban Yaya: Ni dai ina nan kan bakata, horon ƙwarewa a bakin gadon mara lafiya ake yinsa. Wanda ya saba kwana kol ya fi mai rungume da littafi iya aiki. Yaran yanzu kuna son zama kwansaltan, wato babban ƙwararren likita, amma ba ku son kwana asibiti.

Ɗan Kawo: Ranka ya daɗe ba kwanan muke gudu ba. Ka kwana kol, gari ya waye ka shiga rawun, wato zagayen duba marasa lafiya, daga nan kilinik mutane sun cika benci har waje, la'asar ka zauna rubuta takardun sallama, kai ne bin sakamakon gwaji, kai ne zuwa neman jini da ƙafarka don babu wanda za a aika. Ina karatun a nan?

Maman Biyu: Kuma kwalejin ƙasa ta Ijanikin a Legas da kwalejojin Afirka ta Yamma masu ba likitoci shaidar ƙwarewa babu ruwansu da fom nawa ka cike. Logbuk, littafin ayyukan da ka yi, shi za a duba, tiyata nawa ka yi da hannunka, wa ya tsaya a kanka ya sa hannu.

Babban Yaya: To ku duba Amurka, tun 2003 suka ƙayyade wa likitoci masu horo aikin awa 80 a sati, Turai kuma 48. Har gobe manyan likitocin tiyatarsu na ƙorafin hannun yara bai faɗa ba, ga mara lafiya ana ta miƙa shi daga wannan likita zuwa wancan.

Ɗan Kawo: Awa 80 fa! Wallahi a ba mu ita mu yi walima 😂 Kuma yallaɓai ai asalin ƙayyade awan rasuwar wata mara lafiya ce, Libby Zion, a New York a 1984, a hannun ƙananan likitoci da aiki ya yi wa yawa babu babba a kansu.

Likitan Ido: Yauwa nan ne wajen. Ni ban damu da lissafin awa ba. Tiyatar haihuwa ƙarfe biyun dare da siniya, likitan da ke gaba da kai, a gefenka yana cewa riƙe nan, ɗinke can, wannan karatu ne da babu littafin da zai ba ka. Ita ɗin dai kai kaɗai, oga a waya yana magagin barci, wannan kasada ce da ran mutane. Ga shi abokanmu sun watse Ingila da Saudiyya, jadawalin kol kuwa yana nan yadda yake.

Maman Biyu: Dokar horon ƙwarewa ta 2017 ta kawo asusun kuɗin jarrabawa da kwas, in sun fito kenan, amma kuɗi ba ya ba ka lokacin zama kan dizateshan, wato rubutun binciken kammala horo. A ware mana yini ɗaya na semina wanda ba mai kiranka.

Babban Yaya: Na ji Hajiya. Ranar kuma wa zai duba wanda ya taso daga Birnin Gwari ko Kachia tun asuba?

Likitan Ido: A ɗauki likitocin da ba sa cikin horo su riƙe kilinik ranar mana yallaɓai. Rasidan, wato likitan da ke cikin horo, shi ne ya fi araha shi ya sa ba a ɗauka.