Masu jan wasan labari da ido ya yi musu rauni, yaya kuke yi?

Mai Tabarma, Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni nake jan wasan labari a majalisarmu duk daren Asabar, wato ni nake ba da labarin, kowane ɗan wasa yana riƙe da jarumi ɗaya a ciki, a jefa ɗan ludo a ga ko abin da ya yi niyya ya yiwu. Da littafin wasan Dungeons & Dragons muka fara, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, daga baya muka ajiye shi muka ƙirƙiro tamu duniyar: birni a bakin Binuwai, aljanun ruwa, da fatake masu zuwa daga duwatsun Mandara. To likita ya ce ina da hawan jinin ido. Ganin gefe ya riga ya tafi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa tsare sauran kawai yake yi. Ba na iya karanta lambar ɗan ludo mai fuska 20, taswirar da na zana da hannuna ma sai hazo. Wanda ya shiga irin wannan hali ya faɗa mini yadda ya yi, don ban shirya miƙa wa kowa labarin ba.

Ɗan Kotoko, Kusuri

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Ni yanar ido ce ta kama ni, kafin a yi mini aiki na daɗe ina jan wasa a haka. Abin da na fara yi shi ne na daina jefa ɗan ludo gaba ɗaya, 'yan wasa ne kaɗai ke jefawa. Ƙwaya biyu na ludo, a haɗa lambar: 10 zuwa sama ka yi nasara, 7 zuwa 9 ka samu amma da asara, 6 zuwa ƙasa ta ɓaci. Cikin hanyoyi 36 da ƙwayoyin ke iya faɗuwa, 6 ne kawai ke ba da cikakkiyar nasara, 15 na tsakiya, 15 faɗuwa, shi ya sa labari ba ya tsayawa wuri ɗaya. Idan ƙaton Sao, irin ƙattan mutanen da na labaranmu na Kotoko, ya kawo wa mutum duka, ba ni zan jefa wa ƙaton ba, shi zan ce ya jefa mu ga ko ya kauce. Har yau da ido ya buɗe ban koma tsohon tsarin ba.

Gwanin Dara, Marwa

Ɗan Kotoko, kai 'yan majalisarka waliyyai ne ke nan. Nawa in ka bar musu karanta lamba, kullum 11 ce ko 12. Ni wajen masassaƙi na je ya yanko mini manyan ƙwayoyi biyu na katako, ya buga ƙananan ƙusoshi masu kumburarren kai a madadin ɗigo. Ana jefawa cikin faranti, in kai hannu in shafa da kaina. Sai dai ka sa ya daidaita nauyin, domin fuskar da ta fi yawan ƙusa tana son kwanciya ƙasa.

Taswira kuwa, Malam Mai Tabarma, manta da takarda. Nemo kwalin ƙwai mai gurbi 30, biyar sau shida, daidai da gidajen dara. Kowane jarumi da alamarsa da hannu zai gane: wannan marfin kwalba, wancan ƙwallon dabino, dodo kuma tsakuwa mai kaushi. Kowa na cikin gurbinsa, ko ka shafa ba ya gocewa. Dokata ɗaya ce, duk wanda ya motsa nasa sai ya faɗa da baki: "Na matsa gida biyu wajen ƙofa." In ya yi shiru, bai motsa ba.

Ɗan Kotoko, Kusuri

Gwani, maganin masu 12 ai mai sauƙi ne, na kusa da mai jifa shi ke karantawa. Ba wanda ke son ɗan'uwansa ya riga shi kwashe dukiyar kogo.

Yayar Yara, Injamena

Sallama gare ku. Ni dundumi nake da shi tun ina ƙarama, yanzu ko da rana ganin ya ragu ƙwarai. Ƙannena da 'ya'yan maƙwabta nake ja wa wasa a tsakar gida bayan isha'i, kuma sau da yawa babu wuta, don haka ni da su duk ɗaya muke. Ba ni da taswira sam. Wurare uku ne: kusa, nesa, da inda kibiya kaɗai ke kaiwa.

Abin da ya fi ba ni wuya ba ku ambace shi ba, wato fuskokin mutane. Mai ido yana ganin wanda ya gaji, da wadda ke son magana amma kunya ta hana ta. Ni sai da kunne. In na ji ƙanwata ta fara wasa da awarwaronta, na san na bar ta a baya, sai in aiko da wani ya ƙwanƙwasa ƙofar jarumarta. Kuma ina zagayawa da suna ɗaya bayan ɗaya, ba na cewa "me za ku yi?", domin mai babbar murya ne zai cinye wasan. Mutanen labarin kuma kowa da muryarsa: mai kwalekwalen Tafkin Chadi yana jefa Larabcin Shuwa, tsohuwar da ke sayar da laya tana magana ta hanci. Yaran ba sa buƙatar in ce wane ne ya shigo.

Baba ya taɓa jin ƙarar ƙwaya ya leƙo yana tambaya ko caca muke. Da ya zauna ya ga ba ko sisi a ciki, sai ya ce ai tatsuniya ce da kowa ke sa baki, ya koma ɗaki.

Malamin Lissafi, Ngaundare

Nawa ƙarin a kan ajiye bayanai ne. Ina amfani da manhajojin da ke karanto rubutun allo da murya: TalkBack a wayar Android, a kwamfuta kuma NVDA, wanda kyauta ne. Matsalar ita ce muryar Faransanci da ke wayata tana yi wa Hausa kisan gilla, ƙ da ɗ da ɓ wani lokaci ma tsallake su take. Don haka sunayen garuruwa da na sarakuna a saƙon murya nake ajiye su, gajeru, kowane gari da nasa. Ana wasa ina da abin sauraro a kunne ɗaya. Na koyi rubutun makafi na Braille, wanda ake shafawa da yatsa, ina babba, ɗigo shida ne a kowane gida, amma hannuna bai yi saurin da zan karanta dogon bayani ana jira ba. Kati ƙanana nake hudawa, sunan dodo da ƙarfinsa kawai.

Ka kuma naɗa magatakarda cikin 'yan wasan, ya riƙa rubuta abin da ya faru, ya karanto a farkon zama na gaba.

Mai Tabarma, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kwalin ƙwai zan fara gwadawa wannan Asabar, matar gida ta ce akwai biyu a kicin. Gwani, ƙwayoyin nan naka girmansu ya kai kamar me, kuma wane itace aka yi da shi? Akwai masassaƙi a bayan layinmu.

Gwanin Dara, Marwa

Kowane gefe faɗin yatsa uku. Ka ce ya yi da maɗaci ko wani mai nauyi, ya goge kusurwoyin sosai, in ba haka ba faranti zai sha wuya.