Ampli mai lamp: wane kit ya dace da ɗaki a Yamai?

Lawali, Yantala: Assalamu alaikum manyan zaure. Ina neman shawara kan kit ɗin ampli mai lamp (kwalbar gilashi mai ƙara ƙarfin sauti), irin wanda mutum zai haɗa da hannunsa. Ɗakin mita 4 ne a kan 5, baf biyu masu om 8, a bayansu an rubuta 88 dB. Hankalina ya fi karkata ga lamp ɗin 300B, tunda ita kowa ke yabo.

Malam Isuhu: Wa alaikumus salam ƙanena. Lambar nan ta 88 dB ita za ta zaɓa maka, ba sunan lamp ba. Wat 1 zai ba ka ƙarfin sauti 88 dB a nisan mita guda, kuma duk ninki ɗaya na wat ƙarin 3 dB ne kawai: wat 2 91, wat 4 94, wat 8 97. To 300B guda a kowane ɓangare wajen wat 8 take tsayawa. Murya da gurmi za su fito tas, amma kiɗa mai ganga zai ƙure ta in ka zauna nesa. Ga tsada, ga filamanta na volt 5 shi ne katod ɗin da kansa, don haka kuskure kaɗan sai gurnani a baf. A kit na farko ka nemi EL84 huɗu, biyu-biyu a kowane ɓangare, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Wat 10 zuwa 15 ke nan, kuma lamp ɗin ba ta wuyar samu: JJ na yin ta a Silobakiya, 6P14P ta Rasha ma tana hawa gurbinta.

Zubairu, Tawa: Malam, a yi mini afuwa, ni ina ganin Elekit TU-8200 na Japan ya fi wa sabon hannu. Wat 8 ne shi ma, na yarda, amma allonsa a buge yake, kowane wuri da lambarsa, ba a ɓata. Da lamp 6L6GC yake zuwa, gobe in ka so ka sa EL34 ko KT88.

Malam Isuhu: Wajen sauƙin haɗi ban ja da kai ba. Sai dai in baf ɗin nan zai riƙe, EL84 ta fi ba shi sarari.

Haruna mai gyaran rediyo: Ku bar maganar lamp tukuna, a dubi transfo. Kuran ɗinmu 220 ne zuwa 230, 50 Hz. Kit da yawa na Amurka 120 ne, 60 Hz. Ko ka samo abin rage volt, transfo da aka naɗa don 60 kaɗai ya fi yin zafi a 50, har ka ji ƙarfensa na kuka. Kafin jika ɗaya ta fita daga aljihu, a tambayi mai sayarwa a rubuce: akwai naɗin 230 V 50 Hz?

Na Sin masu araha kuma 220 cif ake naɗa su. In kuran ya hau 240, filaman da ya kamata ya sha 6.3 zai sha kusan 6.9, lamp ta tsufa tun ba ta yi aiki ba. Regilater wajibi ne. Wanda ke kan batir da fano kuma ya tabbata ondilarsa mai tsabtataccen sinis ce, ɗaya irin tana sa transfo zafi da ƙugi.

Lawali: Usta Haruna, to yaya ake gane transfon fita, wanda ke miƙa sauti ga baf, mai kyau a hoto?

Haruna: A hoto ba a ganewa, nauyi ake tambaya. Ƙaramin ƙarfe yana cika da wuri, bas ya shaƙe. Na EL84 biyu ya zama wajen kilo-om 8 a shiga, a fita kuma da om 4 da om 8. Wanda ya ɓoye maka waɗannan lambobi, ko ya ƙi nuna shema kafin ciniki, bar masa kayansa. Nauyin nan kuma a sa shi cikin lissafin kuɗin jirgi da na duwan, don shi ke tayar da farashi.

Malama Rakiya: Ƙarin abu biyu. Zafin Afrilu da Mayu a nan ya wuce digiri 40, cikin akwatin kuwa ya fi haka nesa. Kondansatar da aka rubuta wa 85°C a canza ta da mai 105°C, volt 450, a nisanta ta da lamp. Duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanakinta biyu. Kada a sa ampli cikin kabad, a bar masa kamar taƙi guda a sama. Da hunturu a rufe shi da ƙyalle, amma sai ya huce, don ƙura in ta taru a ƙafafun soket ta sha raɓa tana iya jan tartsatsi.

Na biyu, masu sayen kit mai lamp 6N2: kada a cusa 12AX7 a gurbinta don an ji ana cewa ƴan uwa ne. Ƙafa ta 9 a 12AX7 tsakiyar filaman ce, a 6N2 kuwa garkuwa ce. Sai an sauya waya.

Zubairu: In kit ɗin bai zo da akwati ba, maƙeran Katako na lanƙwasa aliminiyom mai kaurin milimita 2. A kai musu awo a takarda, ramin soket na EL84 wajen milimita 22.

Malam Isuhu: Lawali, wannan ka karanta sau biyu. A ciki akwai volt 300 ko fiye, kuma kondansata na riƙe shi bayan an zare fulogi. Ka tabbata akwai rezistans 220k ta wat 2 a kanta mai zubar da cajin, kuma kada yatsa ya shiga sai miltimita ta nuna ƙasa da volt 10. In kana awo da wuta, hannu ɗaya a aljihu. Jikin akwatin a ɗaure shi da wayar ƙasa ta gaske. Gidaje da yawa ramin na uku a firiz ado ne kawai.

Kunnawar farko a bi ta ƙwan fitila mai zare, wat 60 zuwa 100, a jere da ampli. Ya yi haske ya dushe, lafiya. Ya tsaya da haske, akwai inda waya ta haɗe, kashe. Kuma kada a taɓa kunna shi babu baf ko rezistans om 8 a fita, nan take transfon fita ke iya ƙonewa.

Haruna: Bayan minti goma a auna katod. In kowace EL84 da tata rezistans om 270, ka ga volt 10 zuwa 11, wato kusan miliyampa 40. Iyakar farantinta, ƙarfen da ake gani cikin gilashin, wat 12 ne. In ya fara ja kamar garwashi, kashe ka dubi kondansatar da ke shiga giril, wataƙila tana yoyo. Gurnani mai kauri na 50 Hz yawanci wayar filaman ce: a murɗa ta, a kwantar da ita a kusurwar akwati, a sa om 100 biyu zuwa ƙasa. Mai ɗan tsini na 100 Hz kuwa tace kuran ne bai isa ba.

Lawali: Allah ya saka da alheri. Dalmar fa, wace iri?

Malama Rakiya: 60/40, kaurin 0.8, da ƙarfen sudir na wat 40. Wadda ba ta da gubar dalma a ciki tana son zafi da yawa, sabon hannu sai ya ɗaga layin allo.