Hoton geisha na Japan: yaya ake gane bugun katako daga kwaikwayo?

Mai Shagon Sabon Gari:
Assalamu alaikum jama'a. An kawo mini hotuna biyu na matan Japan ɗin nan da ake kira geisha, ina so in ƙawata ɗakin baƙi da su. Ɗaya a kan takarda yake, ɗayan a kan yadi mai kauri da fenti mai sheƙi. Mai sayarwa ya ce na yadin shi ne na asali tunda da hannu aka zana shi, har ya fi tsada. Haka ne? Kuma yaya zan adana su a zafin nan namu na Maradi?

Malam Mai Zane:
Wa alaikumus salam Alhaji. Mai sayarwar nan ya juya maganar. Irin waɗannan hotunan Japan na asali, da ake kira ukiyo-e, bugawa ake yi a kan takarda da allon katako, kuma aikin mutum huɗu ne: mai zane, mai sassaƙa, mai bugu da mai wallafa. Mai zane zai ba da zanensa a siririyar takarda, a manna ta a kife kan allon itacen ceri, mai sassaƙa ya fafe ko'ina ya bar layukan a tsaye. Wannan allo shi ke ba da baƙin layi. Daga nan kowane launi da nasa allon, hoto ɗaya yakan ci goma ko fiye. Bugu mai launuka da yawa ya fara ne a 1765 da aikin Suzuki Harunobu, amma wanda ya yi fice wajen fuskokin mata shi ne Kitagawa Utamaro, wanda ya rasu a 1806.

Launin na ruwa ne, ana goga shi kan allo da burushi tare da ɗan ƙullun shinkafa. A ɗora takarda mai ɗan danshi, a murza bayanta da baren, wani faifai ne mai naɗaɗɗen kirtani a ciki, an lulluɓe shi da ɓawon gora. Akwai tsaga biyu a gefen kowane allo, sunansu kento, inda ake jingina takardar don launi ya faɗa gurbinsa. In mai bugu ya kuskure su, sai ka ga jan leɓe ya zame ya bar baki.

Don haka Alhaji, juya takardar ka dubi bayanta. Bugun hannu za ka ga launi ya ratso, wani lokaci har da sawun murzar baren. Sannan ka sa madubin ƙara girma irin na masu gyaran waya. In ka ga ɗigo-ɗigo a jere, na inji ne. Na katako launinsa shimfiɗe yake, ya shige cikin zaren takarda. Na yadin nan kuwa, fentin mai ne wani ya kwafa yana kallon hoto. Hannu ne ya yi shi, gaskiya ne, amma ado ne kawai, ka saye shi da kuɗin ado.

Hajiya Mai Labule:
In ƙara kan bayanin Malam. Ko bayan takardar ya nuna bugun hannu ne, ba shi ke nuna tsoho ne ba. Har yau akwai masu sake sassaƙa alluna su buga tsofaffin zane-zane, kamar gidan Adachi da ke Tokyo tun 1928. Aiki ne mai kyau, ba ha'inci ba ne, matuƙar an faɗa maka sabo ne. Girman da aka fi yi kusan santimita 39 ne a tsaye, 26 a kwance. Wanda ya kai rabin bango ba wannan ba ne.

Kuma ku duba ɗamarar. Da yawa da ake kira geisha a kasuwa hoton oiran ne, manyan karuwan unguwar Yoshiwara ta birnin Tokyo a zamanin da: ɗamararsu a gaba ake ɗaure ta, kai cike da tsinken gashi. Geisha mai kiɗa da rawa ce, ɗamararta a baya, adonta kaɗan, sau da yawa tana riƙe da shamisen, wani abu kamar molo mai tsirkiya uku. Tunda ɗakin baƙi za a rataya, gara Alhaji ya san wadda ya rataya.

Ɗan Mokoyo:
Ni kan adanawa zan tsaya. Rana ce babbar matsala. Jan da ake samu daga furen beni da shuɗin furen tsuyukusa saurin koɗewa gare su, shi ya sa gidajen tarihi ke rage haske sosai, zuwa lux 50 a ma'aunin haske, in za su nuna irin waɗannan. Kada a rataya a bangon da ke fuskantar taga.

Kada takarda ta taɓa gilashi. A sa kwali marar asid tsakani, a yanke masa taga, ya ɗaga gilashin kamar milimita 2. In ba haka ba, raɓar damina za ta taru a ciki, takarda ta manne ko ta yi fumfuna, ka ga jajayen tabo. A toshe bayan firam ɗin saboda ƙurar hunturu da kyankyaso, a bar ɗan rata tsakaninsa da bango saboda gara, musamman ginin laka. Abin da masu haɗa gilashi suka fi yi shi ne shafa gam su manne hoton gaba ɗaya a kwali, ko su sa salatif. Ka hana su. Gam yana canza launin takarda, kuma ba ya fita. Ƙananan aljihunan kusurwa huɗu sun isa su riƙe shi. Ruwa kuwa ko ɗigo kada ya taɓa shi, launin zai gudu.

Na yadin bai da wannan laulayi. Busasshen tsumma mai laushi ya ishe shi, sai dai kada a naɗe shi fenti na ciki, tsagewa yake.

Mai Shagon Sabon Gari:
Allah ya saka da alheri. Na duba na takardar da madubi, ɗigo-ɗigo ne reras. Ɗamarar ma a gaba take.