Burauza ta ƙi buɗewa ta cika sikirin, a taimaka don Allah

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina da matsala a laftof ɗina, Windows ce a kai. Duk sanda na buɗe burauza sai ta fito 'yar mitsitsiya a gefe guda, sai na kai linzami can sama na danna akwatin nan na kusa da X kafin ta cika sikirin, kuma in na rufe na sake buɗewa sai ta koma yadda take. Idona ba shi da ƙarfi sosai shi ya sa abin ke damuna. Akwai yadda za a yi ta dinga buɗewa a cike da kanta?

Sadiq_IT:
Wa alaikumus salam Hajiya. Da farko dai cikar iri biyu ce. Akwai wadda windo zai cika sikirin amma kina ganin layin ƙasa mai agogo da wurin rubuta adireshi, ina jin ita kike nufi. Akwai kuma ta F11, wadda komai ke ɓacewa sai shafin kawai, in kin sake danna F11 ya dawo. A wasu laftof ɗin sai an haɗa da Fn.

Ga ta farkon. Ki je kan tambarin burauzar da ke fuskar kwamfuta, ki danna linzami ta dama, ki zaɓi Properties. Za ki ga wani layi an rubuta Run, a gabansa akwai Normal window, ki canza shi zuwa Maximized sai OK. In daga layin ƙasa kike buɗewa to shi tambarinsa daban ne, sai kin danna dama a kansa, ki sake danna dama a kan sunan burauzar kafin Properties ya fito, nan ne mutane da yawa ke cewa sun yi bai yi ba alhali ɗaya suka gyara suna buɗewa da ɗayan.

Abu_Hanifa77:
Malam Sadiq ya faɗi gaskiya, amma fa wannan ba ya aiki in daga wani wuri aka buɗe, misali mutum ya danna mahaɗi a cikin imel ko PDF, don ba ta tambarin aka bi ba. Ita burauza tana riƙe girman windon ƙarshe da aka rufe ne. To akwai shafukan da ke buɗe wani ƙaramin windo nasu, irin na biyan kuɗi ko na firintin, in kika rufe babban kika bar ƙaramin ya zama na ƙarshe wani lokacin girmansa za ta haddace. Ni shawarata Hajiya ki rufe duka ki bar guda ɗaya, kar ki danna akwatin, ki kama gefensa da linzami ki ja da hannu har ya kai ƙarshen sikirin ta kowane ɓangare, sannan ki rufe. Tun zamanin Internet Explorer ake wannan dabarar, ga shi an yi mata ritaya a 2022 amma dabarar na nan da ranta.

Kafin nan, maɓallin Windows da kibiyar sama in kika danna tare nan take zai cika, ya fi neman ɗan akwatin nan sauƙi ga mai matsalar ido.

Maman_Ilham:
Allah ya saka da alheri. Lallai kuwa akwai shafin da nake cire rasit, ƙaramin windo yake buɗewa kuma shi nake rufewa a ƙarshe. Na ja da hannu yanzu ya zauna. Amma ɗana yana tambaya ko za a iya sa ta tashi da irin ta F11 ɗin kai tsaye?

Sadiq_IT:
Za a iya, in Chrome ce ko Edge. A cikin Properties ɗin dai, layin Target, ya je ƙarshen rubutun bayan alamar zance ta rufewa, ya bar tazara ɗaya ya rubuta --start-fullscreen. In cikar farko yake so sai --start-maximized. Tazarar nan dole ce, kuma sai an rufe burauzar gaba ɗaya, don in tana aiki a ɓoye ba za ta ji umarnin ba. Akwai --kiosk kuma, Firefox ma ta samu shi tun fitowa ta 71 a 2019, amma ban ba shi shawara ba, na kwamfutocin da ake ajiyewa jama'a ne, F11 ba ya fitar da mutum sai Alt da F4.

Zee_Coder:
Ƙarin bayani ga masu Firefox, girman windo yana cikin wani fayil ne xulstore.json a foldar furofayil, in ya lalace kome ka ja ba za ta riƙe ba. A rufe ta a goge shi, za ta ƙirƙiri sabo, adireshin da aka adana da fasuwod ba abin da zai same su. Wanda kuma ya kunna saitin tsare sirri na privacy.resistFingerprinting da gangan take buɗe masa ƙarami, saboda kar shafuka su gane shi ta girman sikirinsa, wannan kam sai dai ya zaɓi ɗaya. Masu Mac ku kuma, a madadin F11, Control da Command da F ne.