Jakar Mina: me ake ɗauka, me ake bari a masauki?

Maniyyaci daga Gusau: Assalamu alaikum. Bana in sha Allahu zan sauke farali. Alhazan da suka riga mu, a taimaka: kwanakin Mina, Arfa da Muzdalifa me ya kamata ya shiga jaka? Jerin kayan da ake ta turo mini, in na bi shi sai na ɗauki ɗan dako.

Alhaji daga Katsina: Wa alaikumus salam, Allah ya sa a yi karɓaɓɓe. Fara da lissafin kwana. Ana fita Mina ranar 8 ga Zulhajji, tsayuwar Arfa ranar 9, a kwana Muzdalifa, a koma Mina ranar 10, a tashi ranar 12 ko 13. Duk tsawon nan kafaɗarka ce motar kayanka. Babban akwati ya zauna a masaukin Makka. Nemi ƙaramar jakar goyo, kada ta wuce kilo 5: harami na canji, riga da wando ɗaya na bayan aski, sabulu marar ƙamshi, ƙaramin tawul, lema, tabarmar roba mai naɗewa, gorar ruwa, magungunanka da caja. Katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji, a wuya, kuɗi cikin bel ɗin harami, don jaka kan rabu da mai ita a turmutsitsi.

Ma'aikaciyar jinya daga Zariya: Alhaji ya gama magana, sai dai a ƙara gishirin ORS, mai mayar da ruwan jiki, kamar ƙunshi 6, ana kaɗa ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum sama da 1,300 suka rasu. Kuskuren da ya fi kayar da mutane shi ne rage shan ruwa don gudun layin banɗaki. Sai fitsari ya yi ja, kai ya ɗau ciwo, jiri ya biyo baya. A sha kaɗan-kaɗan, kada a jira ƙishi. Maza kuma, tunda babu gajeren wando a ƙarƙashin harami, cinya na gogar cinya har fata ta saɓule. A shafa basilin marar turare tun kafin a fita, ba bayan ta yi ciwo ba. Mai ciwon suga kada ya taka ƙasa ba takalmi ko da taku biyu ne, kwalta na ƙona tafin ƙafa bai ji ba.

Alhaji daga Maraɗi: Takalmi, takalmi. Sabon silifas ranar Arfa shi ke kawo bororo. Wanda za ka yi aikin da shi, fara taka shi tun a gida, wata biyu kafin tashi, kilomita 3 zuwa 5 kullum bayan Asuba. Tantunanmu kan yi nisa da wurin jifa, zuwa da dawowa duk a ƙafa ne. Tsakuwa 49 ce ga mai tashi ranar 12, 70 ga mai kaiwa 13, girman ƙwayar wake. Zuba su a gorar ruwan da ka shanye. Ka rubuta lambar tantinka a takarda, don waya kan mutu kuma tantunan duk kamarsu ɗaya.

Hajiya daga Kano: Mu mata lalurarmu ta ɗan fi yawa, amma ba kamar yadda ake zato ba. Doguwar riga ta auduga biyu, hijabi marar nauyi biyu, safa, audugar mata, da ɗan almakashi na rage gashi gwargwadon gaɓar yatsa. A bar fulas da kuloli, ana raba abinci, kuma an hana kunna wuta a tanti. Dambun nama da dabino sun isa guzuri. Katifar Mina faɗinta da ƙyar ya ɗauki kafaɗu, jakarki ce matashin kanki, wadda ta zo da buhu ita ke kwana a takure. A Muzdalifa ma babu tantin. Za ki ga matar da ta bar akwatunan lefe goma sha biyu a gida ta shimfiɗa tabarma kan tsakuwa, ta tada kai da takalminta, barci ya kwashe ta cikin ƙarar motoci. Mutum yakan dawo ya buɗe durowarsa ya tsaya yana kallon atamfofin da ya shekara bai taɓa ba, abin ya dame shi.

Alhaji daga Katsina: Hajiya, shi ya sa nake jin ciwon yadda darasin ke zubewa a kasuwa kwana biyu bayan jifa. A cika akwati da darduma da carbi, kilo ya wuce, a zo ana zubar da kaya a wurin awo, alhali yawancinsu akwai su a Kantin Kwari. Zamzam lita 5 ake ba kowa daban, kada ka cusa wani cikin akwati, za a buɗe a fitar.

Maniyyaci daga Gusau: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bargo fa, saboda daren Muzdalifa?

Alhaji daga Maraɗi: Bar shi, ɗan'uwa. Haramin canjin nan ya ishe ka lulluɓa.