Badujala Ko Talla? Musayar Waƙa Kan Ƙwallon Jami'o'in Amurka

Bazazzagi:
Salam 'yan uwa, mu da ke karatu a nan Amurka abin nan na damuna wallahi, duk sanda aka tsaida wasan ƙwallon jami'o'i (American football) don hutun talabijin sai a ƙure sifika a cika ƙaton allo da talla, 'yan badujala na zaune riƙe da ƙaho ba mai kula su. Ga nawa:

A Texas A&M tsaye ake kallo, ba a zaunawa,
Tun 1922 da wani ɗalibi Gill ake tunawa,
Da 'yan wasa suka jikkata ya sa kaya don taimakawa,
Wane kamfani ya biya su kafin su fara tsayawa?
Ohio State tun 1936 'yan badujala ke jerawa,
Da jikinsu a fili sunan Ohio suke rubutawa,
Yau a filaye da yawa talla ke danne busawa.

'Yar Katsina:
Yaya waƙa ta yi daɗi amma dai tsaya.

Na ji kukanka Yaya, sai dai ba ka faɗi duka ba,
Yaran da ke karya ƙashi da can ba su san albashi ba,
A 2025 kotu ta amince, ba a kuma ja da baya ba,
Har dala miliyan 20.5 kowace jami'a ta raba musu a shekarar farko, ba kaɗan ba,
Ƙaho da ganga ba su taɓa haifar da dala ba,
Tennessee ta ɗora kashi 10 kan tikiti, ba ta ɓoye ba,
In an hana talla aljihunka ba zai tsira ba.

Baban Yara:
'Yata kin yi gaskiya a lissafi, to amma ji wannan.

Mississippi State ƙararrawar shanu suke kaɗawa,
A 1974 SEC, hukumar rukunin gasarsu, ta ce ba shiga da ita, an hana kowa,
Cikin riga suka riƙa ɓoye ta suna wucewa,
Sai 2010 aka sassauta, da sharaɗin lokacin bugawa.

Kin ga shekara 36 kenan mutane na riƙe da abinsu ba wanda ya ba su ko sisi, ina DJ ɗin da za a yi wa haka in an kore shi gobe?

Bazazzagi:
Allah ya ƙara girma Baba. Ƙanwata ni fa ban ce kar a biya yara ba, haƙƙinsu ne guminsu ne.

Tun 2024 NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, ta yarda a zana tambarin kamfani a fili,
To su zana, su ɗau bango, su ɗau allo da fitili,
Amma mintin hutu a bar wa mai ganga ya yi aiki,
A bar ɗalibai su rera nasu da nasu baki.

'Yar Katsina:
To nan mun haɗu Yaya, kuma ni al'adar Iowa ce ke sa ni hawaye.

A 2017 aka fara, ba tsohuwa ba ce,
Asibitin yara na kallon filin Kinnick, a sama yake a tsaye,
Zangon farko na ƙarewa kowa sai ya juye,
Dubban hannuwa na ɗaga wa marasa lafiya a kwance.

Wata mai goyon baya ce ta kawo shawarar a Facebook, don haka kar a ce duk sabon abu ɓarna ne dan Allah.

Baban Yara:
Ba wanda ya ce haka 'yata, wannan daga mutane ta fito. Ni abin da ya fi ci min rai ma ya wuce sifika.

Oklahoma da Oklahoma State tun 1904 suke karawa,
Jiha guda, maƙwabta, kaka da jika na zuwa,
Kuɗin talabijin ya ja Oklahoma, zuwa SEC ta yi ƙaura,
Bayan wasan 2023 an daina haɗa su duk shekara.